Mabiyiyar da ta gaza a mako na 30: nazarin wani ciki a Sakkwato

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 24 ce, daga wani ƙauye da ke hanyar Wurno, arewa maso gabas da birnin Sakkwato. An sakaya sunanta da na garinsu, an kuma sauya wasu ƙananan bayanai don kada a gane ta. Cikinta na uku ke nan, kuma ba ta da ɗa ko ɗaya a raye. Na fari tana 'yar shekara 17, ta je goyon ciki gidan iyayenta, jijjiga ta kama ta cikin dare a wata na takwas, kafin a samo mota ɗan ya koma. Na biyu kuwa motsi ne ya ɗauke a wata na bakwai, ta haife shi ba rai, ɗan mitsitsi. A gida an fara cewa wabi take yi. An sha rubutu, an yi turare, an sha maganin zaƙi.

Duk wanda ya zauna ɗakin awo ya san wannan tarihi kaɗai ya isa a ja mata jan layi a kati. Jijjiga kafin ciki ya isa haihuwa, sannan ɗa ƙarami da ya mutu a ciki, duka biyun suna nuna wuri ɗaya, wato mabiyiya. Irin wannan mace ake fara ba asfirin ƙarami kullum kafin mako na 16. Babban gwajin nan na ASPRE da aka buga a 2017 ya ba mata masu haɗari miligiram 150 kowane dare, tun daga mako na 11 zuwa 14 har mako na 36, sai cutar firi-eklamsiya, wato hawan jinin masu ciki mai taɓa sassan jiki wanda kan kai ga jijjiga, da ke zuwa kafin mako na 37 ta sauko daga kashi 4.3 cikin 100 zuwa 1.6. Ita ba ta samu wannan gata ba, don sai a mako na 26 ta fara awo. Ba na ganin laifinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Zuwanta awo ma ƙoƙarin mijinta ne, wanda ya ce ba zai sake binne ɗa bai san dalili ba.

Ranar da aka turo ta

Cikin watan Satumba ne, damina na haramar ɗaukewa. Ungozomar ƙaramin asibitin yankinsu ta auna jininta ta ga ya hau, ta rubuto takarda. Abu na farko da aka tsaya a kansa shi ne kwanakin cikin. Hoton da aka yi a makare ba ya ba da lissafi mai kyau, musamman idan ɗan ba ya girma, domin na'ura girman ɗa take aunawa ta fassara shi zuwa makonni, sai ta mayar da ɗa tsumburarre ɗa mai ƙarancin kwanaki. Allah ya taimaka ta riƙe ranar al'adarta ta ƙarshe, don ta faɗo daidai da bikin ƙanwarta. Da wannan aka tsayar da mako 30 da kwana 2. Duk abin da zai biyo baya, har ma'anar gwajin jinin, a kan wannan lissafi ya rataya.

Awon jininta 148/96, bayan awa huɗu 144/92. Furotin a fitsari +1. Ƙafafu sun ɗan kumbura. Ba ciwon kai, ba gani dishi-dishi, ba ciwo a ƙahon zuci. Da tef ɗin awo cikin ya ba da santimita 26 inda ake sa ran wajen 30. Hoton ciki ya ƙiyasta nauyin ɗan kilo 1.05, alhali a wannan mako kusan kilo ɗaya da rabi ake nema. Ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Awon Dofla, hoton da ke auna gudun jini, na jijiyar cibiya ya nuna jini na wucewa da ƙyar, amma bai yanke ba.

Gwaje-gwajen yau da kullum ba su tayar da hankali ba. PCV, ma'aunin yawan jini, 29. Ƙwayoyin daskarar jini 141,000, ƙasa kaɗan da 150,000 da ake ɗauka iyakar lafiya. Kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, 68. AST, ma'aunin hanta, 31. Gwajin maleriya ya nuna tana da ita, abin da ba ya ba kowa mamaki a ƙarshen damina a bakin fadamar Rima, kuma maleriya da kanta tana rage ƙwayoyin daskarar jini. Aka ba ta maganin maleriya, aka fara metildofa da nifedifin don sauke hawan jinin, aka ce za a kwantar da ita.

Nan aka yi turjiya. Uwar mijin ce ta rako ta, tsohuwa mai hankali, ta ce: "Likita, yarinyag ga lahiyatta lau. Kumburin ƙahwa kowace mai ciki na yi nai. Ku ba mu magani mu tahi, gero na bisa gona." Aka ce, "Inna, ki yi haƙuri, jininta ya hau kuma ɗan bai girma yadda ya kamata ba." Mijin bai yi gardama ba. Tambaya ɗaya ya yi: "To likita, kwana nawa za mu yi?"

Babu wanda ke iya amsa masa da abin da ke hannunmu a ranar. Wata mai irin waɗannan lambobi sai ta yi mako shida lafiya ta haihu. Wata kuma kwana uku ba ta kaiwa. Na'urar awon jini da tsinken gwajin fitsari suna faɗin halin da ake ciki yau, ba sa faɗin gudun da cutar ke yi.

Abin da ke faruwa a cikin mabiyiya

A farkon ciki, ƙwayoyin mabiyiya suna kutsawa cikin bangon mahaifa su buɗe ƙananan jijiyoyin jinin uwa, su mayar da su faffaɗa, marasa tsukewa, yadda jini zai riƙa kwarara a hankali kuma da yawa. Kafin tsakiyar ciki an gama wannan aiki. Idan bai yi kyau ba, jijiyoyin suna nan a tsuke. Mai noman rani a ƙasan madatsar Goronyo ya san abin: idan ba a yashe hanyar ruwa ba tun kafin shuka, da farko ba a ganin komai, don tsiro ruwa kaɗan yake sha, sai shinkafa ta tasa sannan ƙishi ke bayyana. Shi ya sa cutar da aka shuka a wata na uku sai a na bakwai take fitowa.

Mabiyiyar da ke cikin wannan matsi tana zuba wani furotin cikin jinin uwa da yawa fiye da kima, sunansa sFlt-1. Aikinsa kama wasu furotin biyu, VEGF da PlGF, waɗanda su ke kula da lafiyar shimfiɗar cikin jijiyoyin jini a duk jiki. Idan ya kame su, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, matatar ƙoda ta fara yoyon furotin, hanta ta kumbura, ƙwayoyin daskarar jini su riƙa maƙalewa suna ƙarewa, ƙwaƙwalwa ta taɓu a yi jijjiga. Masu bincike a Boston ta Amurka, ƙarƙashin Ananth Karumanchi, su suka nuna wannan a 2003. A 2004 wani nazari ya biyo baya da ya nuna sFlt-1 yana fara hawa kimanin mako biyar kafin cutar ta bayyana, PlGF kuma yana yin ƙasa. A cikin lafiyayyen ciki PlGF yana kaiwa ƙololuwa wajen mako na 30, ana ƙirga shi da ɗaruruwa. To daga nan aka samo dabarar raba adadin sFlt-1 da na PlGF a fitar da lamba guda.

Asibitin da take kwance ba ya yin wannan gwaji. Wani ƙanin mijin da ke aiki a birni ya ce zai biya, aka ɗebi jini, aka tace, aka sa cikin akwatin ƙanƙara aka aika wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a wajen jihar. Aka yi yarjejeniya da Inna cewa za a zauna har sakamako ya dawo.

Ya dawo a rana ta huɗu. Kafin nan magani ya kama, jininta ya sauko 138/88, zazzaɓi ya tafi, ƙwayoyin daskarar jini sun koma 152,000. Tana zaune bakin gado tana hira da maƙwabciyarta, Inna har ta ɗaure kwanuka a zane. Sakamakon: sFlt-1 9,870, PlGF 21. Idan an raba, 470.

Yadda ake karanta lambar

Lambar da aka fi sani ita ce 38. Ta fito ne daga nazarin PROGNOSIS na 2016, a kan matan da ake zargin cutar tsakanin mako na 24 da ƙarshen na 36. Wadda lambarta ta tsaya a 38 ko ƙasa, kashi 99.3 cikin 100 ba su kamu ba cikin mako guda. Wadda ta haura 38 kuwa, kashi 36.7 ne kawai suka kamu cikin mako huɗu. A lura da wannan tazara. Gwajin ya ƙware wajen cewa "je ki gida, wannan makon ba komai", amma bai kai haka ƙwarewa ba wajen cewa "ke ce za ki kamu". Sama da 85 kafin mako na 34, ko sama da 110 bayansa, ana ɗauka cutar mabiyiya ta tabbata. Can sama kuma akwai 655: matan da suka haura ta kafin mako na 34, yawancinsu an ciro ɗan cikin kwana biyu. Akwai kuma na'urar da ke auna PlGF shi kaɗai, inda 100 zuwa sama lafiya ne, ƙasa da 12 kuma haɗari ƙwarai. Kowace na'ura da iyakokinta, ba a ɗauko lambar wannan a ɗora wa waccan, kuma an fitar da su ne a kan ciki mai ɗa guda, don haka ba a kwafa su kai tsaye ga mai tagwaye.

Lambarta 470 ta ninka 85 fiye da sau biyar, ba ta kai 655 ba. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, wannan ciki da wuya ya kai mako na 34, kuma lissafin na kwanaki ne zuwa mako ɗaya ko biyu. Ranar kuwa babu gwajin da ke faɗinta.

An yi muhawara a zagayen safe. Wani babba a cikinmu ya ce kuɗin ƙanin miji kawai aka ci. Hujjarsa mai ƙarfi ce: bisa ma'anar da ƙungiyar duniya mai nazarin hawan jinin masu ciki ke amfani da ita tun 2014, hawan jini haɗe da ɗa da ya daina girma ya isa a kira cutar da sunanta, firi-eklamsiya, ko da furotin bai fito a fitsari ba. Da gwaji da babu, kwantar da ita ya wajaba. Na yarda da shi a kan ganewa. Inda muka rabu shi ne kan gudu. Mace mai 138/88, mai cin tuwo tana dariya, a ɗakin da gadaje suka cika har ana shimfiɗa a ƙasa, ita ce ake fara dubawa idan ana neman wanda za a sallama, ita ce kuma ake cewa a sake mata gwajin jini "mako mai zuwa". Lambar 470 a saman fayil ta hana hakan. Ta kuma ba mu amsar da za mu ba mijin. Aka ce masa: "Malam, cikin nan ba zai kai wata tara ba. Muna ganin cikin mako biyu za a yi mata aiki, wataƙila ma kafin nan. Kada ka yi nisa." Ya yi shiru, sannan ya juya ya ce, "Inna, kwance kayan."

Abin da aka yi da kwanakin

Sanin cewa lokaci ya ƙure ba ya warkar da kowa, sai an yi aiki da shi. A ranar aka zauna da mijin aka yi masa bayanin tiyata, ya sa hannu tun da rana tsaka, hankalinsa kwance, maimakon a neme shi a waya da ƙarfe biyu na dare yana ƙauyen da sabis ke ɗaukewa. 'Yan'uwansa biyu suka zo aka gwada su suka ba da jini, aka ajiye leda biyu da sunanta. Aka sanar da ɗakin jarirai bakwaini su san da zuwan ɗa mai kilo ɗaya. Awon jini ya koma kowace awa huɗu, gwajin jini duk bayan kwana biyu ko uku, Dofla kullum.

A rana ta biyar Dofla ya sauya. A ƙa'ida jini na ci gaba da gudana a jijiyar cibiya ko a tsakanin bugun zuciyar ɗan. Idan mabiyiya ta toshe sosai, gudun tsakanin bugu yana raguwa, ya tsaya, daga baya ma ya koma baya. Nata ya tsaya. Nan aka fara allurar deksametason don nunar da huhun ɗan, miligiram 6 kowace awa 12 har sau huɗu. Lokacin yin ta yana da muhimmanci, domin amfaninta ya fi yawa idan haihuwa ta zo cikin kwana bakwai da farawa. A yi ta da wuri ƙwarai ta wuce a banza. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe biyar, har da Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya nuna ta rage mutuwar jarirai bakwaini daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Burinmu shi ne a ja cikin zuwa mako na 32.

Rana ta bakwai, ƙwayoyin daskarar jini 119,000, AST 48. Kowace lamba ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. Amma daga 152,000 zuwa 119,000 cikin kwana uku, ga maleriya an riga an kashe ta, an sake gwadawa babu, wannan gangara ce. A nan nake jan hankalin ƙananan likitoci: a jera sakamako a shafi guda, kwanan wata a sama, a dubi inda suka dosa. Takardar gwaji da aka soka a tsakiyar fayil ita kaɗai ba ta faɗin komai.

Daren rana ta tara, mako 31 da kwana 3, ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "Sista, gyambon cikina ya tashi." Ta dafe ƙahon zuci, ɓangaren dama, ta yi amai sau ɗaya. Ba a ba ta maganin olsa ba. Awon jini 168/112. Aka ruga da jini ɗakin gwaji, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya dawo: ƙwayoyin daskarar jini 84,000, AST 142, LDH, ma'aunin farfashewar jajayen ƙwayoyin jini, 780, kiriyatinin 96. Wannan shi ne abin da ake kira HELLP tun 1982, inda jajayen ƙwayoyin jini ke farfashewa, hanta ta taɓu, ƙwayoyin daskarar jini su faɗi ƙasa da 100,000. Ciwon da take ji hanta ce ta kumbura tana jan fatar da ta lulluɓe ta. Idan an kai nan ba a jiran mako na 32.

Aka ba ta haidiralazin ta jijiya don sauke jinin, da magnesiyom salfet giram 4 ta jijiya da giram 10 a ɗuwawu, biyar kowane gefe. Gwajin Magpie na 2002, mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna wannan magani yana rage jijjiga da fiye da rabi, wasu nazarce-nazarcen kuma suka nuna ga ɗan da bai kai mako 32 ba yana kare ƙwaƙwalwa. Sakkwato na da nata tarihi a nan: a 2009 Bissallah Ekele da abokan aikinsa suka buga abin da suka kira tsarin Sakkwato, inda aka ba mata 121 masu jijjiga wannan allurar farko ta giram 14 kaɗai, kuma sama da kashi 90 cikin 100 ba su sake jijjiga ba. Darasin yana da amfani ga ƙananan asibitoci: a yi allurar farko kafin a sa mace a mota. Ita dai an ci gaba da ba ta har awa 24 bayan haihuwa, ana duba numfashi, da harbin gwiwa, da yawan fitsari kafin kowace allura, saboda ta ƙoda maganin ke fita kuma tata ta fara gajiya.

Da yake takarda na da sa hannu, jini na ajiye, ba a yi awa biyu da fitowar sakamako ba aka shiga tiyata. Aka ciro mace, kilo 1.1, ta yi ɗan kuka.

Mabiyiyar ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙarama ce, siririya, ba ta cika tafin hannu biyu ba. Da aka juya gefen da ke manne da mahaifa, sai ga gudan jini baƙi, girman ƙwan kaza, ya lotsa naman: ta fara ɓallewa ke nan, ba tare da digo ɗaya ya fito waje ba. Da aka latsa, akwai wurare uku ko huɗu masu tauri, farare-farare, inda naman ya mutu don rashin jini. An so a kai ta a duba a madubin likita, amma Inna na tsaye a ƙofa da leda, za a kai gida a wanke a binne kamar yadda aka saba. Aka auna, aka ɗauki hoto, aka miƙa mata.

Wane gwaji ne ya yi aikin

Idan aka bi sawu, gwajin mai tsada ya yi magana sau ɗaya, a rana ta huɗu, ya ce lokaci gajere ne. Wanda ya ce "yanzu" kuwa ƙirgen ƙwayoyin daskarar jini ne da AST, gwaje-gwajen da kowane babban asibiti ya kamata ya iya yi, tare da ma'aikaciyar da ta san ciwon ƙahon zuci ga mai ciki ba olsa ba ne sai an tabbatar. Ma'aunin fullPIERS na 2011, da ke ƙiyasta haɗarin da uwa za ta shiga cikin awa 48, abubuwa shida ya dogara da su: makon ciki, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, iskar oksijin a jini, ƙwayoyin daskarar jini, kiriyatinin da AST. Ƙaninsa miniPIERS na 2014 an gina shi don wuraren da babu ɗakin gwaji ko kaɗan, da awon jini, tsinken fitsari da tambayoyi. Gwajin yurik asid da wasu ke rubutawa har yau, hasashensa rarrauna ne, ban ga dalilin sa talaka ya biya ba.

Shaidar da ke bayan gwajin mabiyiya ma ba ta tafi baki ɗaya ba. Gwajin PARROT na 2019 a asibitoci 11 na Birtaniya ya nuna sanin PlGF ya rage lokacin gane cutar daga kwana 4.1 zuwa 1.9, munanan abubuwan da ke samun uwa suka ɗan ragu, daga kashi 5 zuwa 4 cikin 100, amma ga jarirai ba a ga bambanci ba. Makamancinsa a Ailan, a 2021, bai ga riba ba. PARROT-2 na 2024 ya nuna maimaita gwajin ba ya ƙara komai, shi ya sa ba mu nemi a sake aika jininta ba. Hukumar NICE ta Ingila ta amince da shi tun 2016 ta faɗaɗa a 2022, Amurka kuma sai a 2023. Sai dai waɗannan ƙasashe ne da mace ke iya dawowa asibiti gobe da jibi a sake auna ta. A Maputo ta Mozambik, nazarin 2017 ya ga matan da PlGF ɗinsu ya yi ƙasa sun fi saurin haihuwa, sun kuma fi rasa 'ya'yan. A ganina ƙimar gwajin tana ƙaruwa gwargwadon nisan gidan mace da asibiti, domin wadda aka sallama zuwa Gada ko Sabon Birni, da halin da hanyoyin can ke ciki, sallamar ba ta da gyara.

Wace ce ya dace a yi wa, in da za a samu? Mai ciki tsakanin mako na 20 da na 34, alamunta na shakka, gidanta da nisa, ana tunanin a riƙe ta ko a bar ta ta tafi. A nan sakamako mai kyau yana fanshe gado da kuɗin jinya, mummuna kuma yana hana sallamar da za a yi nadama. Wadda jininta ya kai 160/110, ko ta zo da ciwon kai mai tsanani, ba ta buƙatar jiran kowane sakamako. Wadda ta wuce mako na 34 da cutar a bayyane ma haka: gwajin CRADLE-4 na 2023 a Indiya da Zambiya ya nuna haifar da ita a lokacin, maimakon jira, ya rage haihuwar ɗa ba rai da kashi uku cikin huɗu. Kuma gwajin da ke kwana uku a hanya rabin gwaji ne. Da HELLP ɗinta ya zo a rana ta uku, da takardar ta iso bayan an gama komai. Sai ya zama ana yin sa a cikin asibiti, sakamako ya fito kafin mace ta tashi daga benci, sannan za a ce ya shigo aikinmu. Kafin nan, duk mai riƙe da kasafin kuɗi in ya tambaye ni, zan ce ya fara da na'urar awon jini mai aiki da tsinken fitsari a kowane ɗakin awo na ƙananan hukumomi 23, da injin ƙirga ƙwayoyin jini da ba ya rufewa da dare.

Bayan haihuwa

Ƙwayoyin daskarar jininta sun ci gaba da faɗuwa har 61,000 a rana ta biyu, abin da aka saba gani, sannan suka juyo. A rana ta shida sun haura 150,000. An ƙara mata leda biyun nan. Ba ta yi jijjiga ba, ƙodarta ta dawo daidai. Jaririyar ta yi kwana uku a na'urar taimakon numfashi, ta yi shawara aka sa ta a shuɗin haske, ana tatsar nonon uwar ana ba ta ta bututu. Da ta ƙarfafa aka koma goyon ƙirji, fata da fata, uwar da Inna suna karɓa-karɓa. An sallame ta bayan mako biyar tana da kilo 1.65.

An yi doguwar magana da Inna a kan jego. Ba a hana wanka ba, an dai ce a bari ɗinki ya warke kuma ruwan ya zama mai ɗumi. Kunun kanwa ne aka hana ɗungurungum, don kanwa cike take da sodiyom, kuma mai jegon tana kan nifedifin. A mako na shida jininta 142/90, furotin +1, aka ci gaba da magani. An gaya musu ita da mijin cewa macen da ta yi wannan cuta, haɗarin hawan jini na dindindin ya ninka mata fiye da sau uku, na ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyu, saboda haka awon jini ya zama nata ko ba ciki. Sun zaɓi robar hannu don tazara. A katinta an rubuta da manyan baƙaƙe: da zarar ta ga ɓatan wata ta zo, a yi hoto da wuri don lissafi, a fara asfirin kafin mako na 16, a haɗa da kalsiyom, kuma haihuwa ta gaba a asibitin da ke tiyata saboda tabon mahaifa.

Saura gwaji ɗaya. Mace da mabiyiya ta ba ta matsala sau uku a jere, tun kafin mako na 34, ana neman cutar antifosfolifid a jininta, wadda ke sa jini daskarewa a ƙananan jijiyoyi. Ba a tabbatar da ita sai an gwada sau biyu, mako 12 tsakani, kuma idan ta tabbata allurar hefarin mai hana daskarewar jini za ta shiga tsarin ciki na gaba tare da asfirin. An sa mata ranar na farko a wata na uku bayan haihuwa, rana ɗaya da sake duba fitsari. Idan furotin bai ɗauke ba zuwa lokacin, za a tura ta wajen likitan ƙoda.